Darasi: Aminu Waziri Tambuwal da Ƙuri'a 342

A daren Asabar, 23 ga watan Maris na 2019, idon jihar Sakkwato kaf yana kan Kebbe. An gama tattara sakamakon zaɓen gwamna da aka sake a wasu rumfuna, na sauran ƙananan hukumomi duk ya iso birni, saura na Kebbe kaɗai. Jami'ar da ke tattara sakamakon, Farfesa Fatima Mukhtar, ta ɗage zama sai da safe. Gwamna mai ci, Aminu Waziri Tambuwal na jam'iyyar PDP, yana gaba da ƙuri'a dubu biyu da 'yan kai, amma abin da ake jira daga Kebbe ya isa ya kifar da lissafin. Mai rediyo ya kwana da rediyonsa a kunne, mai waya yana ta neman wani nasa a Kuchi ko Margai ko Ungushi don ya ji yadda aka ƙare a rumfarsu. Da gari ya waye sakamakon ya iso, sai ga shi APC ce ta fi yawan ƙuri'a a Kebbe. Ta cinye mafi yawan tazarar, amma ba ta cinye duka ba. Da aka haɗa jimla, Tambuwal ya sami 512,002, Ahmed Aliyu na APC ya sami 511,660.

Kafin mu ci gaba, kowa ya ɗauki fensirinsa ya ɗebe lamba ta biyu daga ta farko. Wanda ya sami 342 ya yi daidai. Rumfar zaɓe guda ɗaya ma takan fi haka yawan masu rajista. A jihar da mutum fiye da miliyan ɗaya suka jefa ƙuri'a, mutum 342 ne suka raba gardamar wanda zai riƙe gwamnati shekara huɗu.

A wannan darasi za mu bi rayuwar wannan mutum, ɗan mazaɓarmu ta Kebbe da Tambuwal, don mu ga yadda ɗan siyasa ke hawa daga ƙasa zuwa sama, da rawar da jam'iyya ke takawa a hawan, da kuma inda hannunmu yake a ciki. Na san a ajin nan akwai masu sonsa, akwai waɗanda ba su taɓa ba shi ƙuri'a ba. Duka biyun za su amfana, domin tsanin da ya hau shi ne wanda kowane ɗan siyasa a Najeriya ke hawa.

Asali da karatu

An haifi Aminu a garin Tambuwal ranar 10 ga Janairu, 1966, kwana biyar kafin juyin mulkin da aka kashe Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa. Tambuwal tsohon gari ne a tarihin Daular Usmaniyya, garin Muhammadu Buhari ɗan Shehu Usmanu. Sunan Waziri da Aminu ke amsawa daga sarautar gidansu ya samo shi. Ya gama firamare a Tambuwal a 1979, ya wuce Kwalejin Horon Malamai ta Dogondaji inda ya sami takardar malanta mai daraja ta biyu a 1984. Daga nan ya karanta aikin lauya a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ya gama a 1991, ya je makarantar lauyoyi ta Legas, aka rantsar da shi lauya a 1992.

Ku lura da abu ɗaya. Firamaren gari, kwalejin da ke ƙaramar hukumarsa, jami'ar da ke jiharsa: duk makarantun gwamnati ne. Ɗan da aka haifa a Girkau ko Sangi yau, in makarantar garinsu tana da malamai da rufin kirki, ba abin da zai hana shi bin wannan hanya. Shi ya sa idan ɗan takara ya zo neman ƙuri'a, tambayar halin makarantar garinku tambaya ce ta siyasa tsantsa.

Ɗaukar jaka

Da aka koma mulkin farar hula a 1999, Aminu bai tsaya takara ba. Ya zama mai taimaka wa Sanata Abdallah Wali kan harkokin majalisa, lokacin Wali yana wakiltar Sakkwato ta Kudu kuma yana jagoran masu rinjaye a majalisar dattawa. Irin wannan aiki mutane ke kira ɗaukar jaka, wasu ma da raini suke faɗa. Amma mai ɗaukar jakar da ke da ido yana ganin yadda ake rubuta ƙuduri, yadda ake shawo kan abokin adawa a bayan fage kafin a shiga zaure, da yadda ake sallamar mutanen gida da suka cika falo tun asuba. Kusan duk manyan 'yan siyasarmu sun yi wa wani yaranta kafin su zama iyayen gida.

A 2003 ya tsaya takarar majalisar wakilai a mazaɓar Kebbe da Tambuwal a jam'iyyar ANPP mai alamar masara, wadda ke mulkin jihar ƙarƙashin Gwamna Attahiru Bafarawa, ya kuma ci. Yana da shekara 37. A 2005 ya zama shugaban marasa rinjaye a majalisar.

Me ya sa sai da jam'iyya?

A nan ya kamata mu ɗan dakata, domin mutane da yawa suna zaton ranar zaɓe ce ake zaɓen shugaba. Gaskiyar magana, rabin aikin an gama shi tun kafin ranar.

Tsarin mulkin 1999 bai yarda mutum ya tsaya takara don kansa ba. Dole jam'iyya mai rajista da hukumar INEC ta tsayar da shi. Shi ya sa a takardar ƙuri'a ba ka ganin hoton ɗan takara, sai lema ko tsintsiya ko wata alama. Jam'iyya kuwa hawa-hawa ce. Can ƙasa akwai shugabannin gunduma: ciyaman, sakatare, ma'aji, shugabar mata, shugaban matasa. Samansu akwai na ƙaramar hukuma, sannan na jiha, sannan uwar jam'iyya a Abuja. Jihar Sakkwato tana da ƙananan hukumomi 23 da gundumomi 244, kuma kowace babbar jam'iyya tana da irin waɗannan shugabanni a kowace gunduma.

Ciyaman na gunduma sau da yawa manomi ne ko ɗan tireda, ba albashi, ofishinsa wani shago ne da aka shafa wa fentin jam'iyya aka kafa tuta a gaba. Amma shi ke riƙe da littafin rajistar 'yan jam'iyya. Shi ya san gidan da ake fushi saboda ba a zo musu ta'aziyya ba, da gidan da magidanci ɗaya in ya juya ƙuri'a talatin sun juya. Daga irin wannan mataki aka saba fitar da daliget, wato wakilan da ke zuwa zaɓen fid da gwani su zaɓi wanda jam'iyya za ta tsayar. Idan daliget suka tsayar da baragurbi a jam'iyyu biyun da ke da ƙarfi, ran zaɓe talaka sai dai ya zaɓi wanda ya fi dama-dama a cikin biyun.

Abin da ke damuna shi ne yadda mutanen kirki ke gudun wannan mataki. Limami ya ce siyasa ƙazanta ce, malamin makaranta ya ce ba ruwansa, uwar gida ta ce aikin maza ne. Sai a bar taron gunduma ga wanda ya fi kowa buƙatar kuɗin mota. Ran da aka ji daliget sun sayar da ƙuri'arsu a otal, kowa ya yi tir, alhali kujerar da aka zaɓe su a kai fanko muka bar ta.

Sauya sheƙa

Gab da zaɓen 2007 siyasar Sakkwato ta yamutse. Bafarawa ya ɓata da mataimakinsa, Aliyu Magatakarda Wamakko. Bafarawa ya bar ANPP ya tafi sabuwar jam'iyyar DPP, inda ya tsaya takarar shugaban ƙasa. Wamakko ya zama ɗan takarar gwamna a ANPP, daga baya ya koma PDP da jama'arsa, Muktar Shagari ya zama mataimakinsa. A cikin 'yan watannin nan Aminu Tambuwal ya shiga DPP, ya dawo ANPP, sannan ya bi Wamakko zuwa PDP. A lemar PDP ya sake cin kujerarsa, ya zama mataimakin bulaliyar majalisa, wato mai taimakawa wajen tsawatar wa 'yan jam'iyya mai rinjaye su tsaya a layi ɗaya.

Jam'iyya uku cikin ƙasa da shekara guda. Mutanen Kebbe da Tambuwal kuma suka sake zaɓensa. Wannan yana nuna mana wani hali na siyasarmu: mutum muke bi, ba manufa ba. Tambayi dattijo a majalisar unguwa wace jam'iyya yake, sau da yawa zai ce maka shi na Alu ne, wato Wamakko, ko na Bafarawa, ko na Mutawalle, wato Tambuwal. In maigidan ya sauya hula, yaransa su sauya. A zamanin NEPU da NPC, ko PRP da NPN, an fi samun wanda zai iya faɗa maka abin da jam'iyyarsa ta tsaya a kai, har a ɗaure shi a kan haka bai bari ba.

Doka ba ta yi shiru ba. Sashe na 68 na tsarin mulki ya ce ɗan majalisar tarayya da ya bar jam'iyyar da ta kai shi zai rasa kujerarsa, sai fa in jam'iyyar ta dare gida biyu ko ta haɗe da wata. Sashe na 109 ya faɗi haka game da 'yan majalisar jiha. Amma kusan duk mai fita sai ya ce ai jam'iyyarsa a rabe take, shari'a kuma ta yi ta ja har wa'adin ya ƙare. Gwamna kuwa tsarin mulki bai ce zai rasa kujerarsa don ya sauya jam'iyya ba.

Kujerar kakaki

Ranar 6 ga Yuni, 2011, ita ce ranar da sunan Tambuwal ya karaɗe Najeriya. PDP ce ke da rinjaye a majalisar wakilai mai kujera 360, kuma uwar jam'iyya ta riga ta yanke cewa kujerar kakaki ta yankin Yarbawa ce, ta tsayar da Mulikat Akande-Adeola daga jihar Oyo. Fadar Shugaba Goodluck Jonathan ita take goyon baya. Tambuwal ya ƙi janyewa. Ya haɗa kan 'yan PDP da ba su son a yi musu ɗauki-ɗora, ya jawo 'yan adawa, ya ɗauki Emeka Ihedioha daga jihar Imo ya zama mataimakinsa. Da aka ƙirga, ya sami 252, Mulikat ta sami 90. A jerin masu mulkin ƙasa, kakakin majalisar wakilai shi ne na huɗu, bayan shugaban ƙasa da mataimakinsa da shugaban majalisar dattawa.

Mutum 252 daga ƙabilu da addinai da jam'iyyu daban-daban ba a rana ɗaya ake tara su ba. Shekara takwas ya yi yana zama da 'yan majalisa a kwamitoci, yana zuwa bikinsu da zaman makokinsu. A ganina wannan ita ce babbar baiwarsa: haƙurin zama da mutane da iya lissafin ƙuri'a kafin a jefa ta.

Abu biyu daga zamanin kakakinsa sun cancanci a tuna. Da gwamnati ta cire tallafin man fetur ranar 1 ga Janairu, 2012, ƙasa ta ɗauki zafi, majalisar wakilai ta katse hutunta ta zauna ranar Lahadi, ta nemi a janye matakin, ta kafa kwamitin bincike ƙarƙashin Faruk Lawan na Kano. Kwamitin ya tono ɓarna mai yawa a harkar tallafin, amma shugabansa da kansa ya faɗa tarkon cin hanci, kotu ta ɗaure shi a 2021. Wannan ya zubar da ƙimar aikin a idon jama'a, kuma abin baƙin ciki ne, domin ɓarnar da aka tono ta gaske ce.

Na biyun bai yi suna kamar na farko ba, amma ya fi kusa da mu. Ranar 10 ga Nuwamba, 2012, majalisar ta sa a yi zaman jin ra'ayin jama'a a duk mazaɓu 360 a rana ɗaya kan gyaran tsarin mulki. An tambayi mutane, alal misali, ko a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, ko a yarda mutum ya tsaya takara ba jam'iyya. Gyaran da aka yi a wancan zango Shugaba Jonathan bai sa masa hannu ba a 2015. Duk da haka an ga cewa ana iya kawo tsarin mulki gaban manomi da makiyayi a tambaye su me suka gani.

Ranar da aka kulle ƙofa

A 2013 jam'iyyun ACN da CPC da ANPP da wani ɓangare na APGA suka haɗe suka kafa APC. A watan Nuwamba na shekarar gwamnonin PDP biyar suka koma cikinta, har da Wamakko na Sakkwato da Kwankwaso na Kano. Kakaki ya zauna a PDP kusan shekara guda bayan gwamnansa ya fita. Sai ranar 28 ga Oktoba, 2014, a ƙarshen zaman majalisa, ya sanar cewa ya koma APC, aka ɗage zama zuwa Disamba. Kwana biyu bayan haka rundunar 'yan sanda ta janye masu tsaron lafiyarsa, ta kafa hujja da sashe na 68 ɗin nan da muka karanta.

Ranar 20 ga Nuwamba 'yan majalisar suka dawo don duba buƙatar shugaban ƙasa ta tsawaita dokar ta-ɓaci a Borno da Yobe da Adamawa. Suka tarar 'yan sanda sun garƙame ƙofa. Duniya ta ga hotunan 'yan majalisa da manyan riguna suna haura ƙofar ƙarfe, wani hularsa a hannu, wani ana tura shi daga ƙasa. Aka harba hayaƙi mai sa hawaye a harabar majalisar. Abokansa suka kewaye Tambuwal suka shigar da shi. Shugaban majalisar dattawa, David Mark, wanda shi ɗan PDP ne, ya rufe majalisar baki ɗaya na 'yan kwanaki.

Tambayar da ke ƙarƙashin wannan hatsaniya ita ce: wa ke da ikon cewa ɗan majalisa ya rasa kujerarsa? Ko da mutum yana ganin Tambuwal ya saɓa wa sashe na 68, hukuncin na kotu ne, ba na ɗan sanda a bakin ƙofa ba. Kujerar da aka so hana shi zama a kai, ta kakaki ce, amma tushenta ƙuri'ar mutanen Kebbe da Tambuwal ce.

Gidan gwamnati

A zaɓen 2015 ya tsaya gwamna a APC da goyon bayan Wamakko. Wanda PDP ta tsayar ya kara da shi kuwa shi ne Sanata Abdallah Wali, maigidansa na 1999. Tambuwal ya ci da tazara mai faɗi, aka rantsar da shi ranar 29 ga Mayu, 2015, Ahmed Aliyu yana mataimakinsa.

Farkon abin da gwamnatinsa ta yi suna da shi shi ne ayyana dokar ta-ɓaci a fannin ilimi, aka kuma sa Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar ya jagoranci kwamitin farfaɗo da makarantu. An gina makarantar sakandare a Balle ta ƙaramar hukumar Gudu. A zango na biyu an gina gadojin sama a birnin Sakkwato, aka kuma fara ginin asibitin koyarwa na jami'ar jiha. A wannan zamani ne kuma 'yan bindiga suka addabi gabashin jihar, Isa da Sabon Birni da Rabah da Goronyo, aka kashe jama'a, ƙauyuka suka watse. Kebbe ma, da ke iyaka da Zamfara da jihar Kebbi, ba ta tsira ba. Sojoji da 'yan sanda a hannun gwamnatin tarayya suke, wannan gaskiya ne, amma wanda aka sace wa shanu ko aka kora daga gona, gwamnan da ya zaɓa yake fara tuhuma.

Ba zan yanke muku hukunci kan shekaru takwas ɗin nan ba, don kun fi ni sanin abin da ya iso garuruwanku. Ma'aunin da nake ba ku shawara shi ne na ido: ajin da ɗanka ke zama, asibitin da matarka ta haihu, hanyar da kake kai gero kasuwa, yaya suke a 2015, yaya suke a 2023?

Ranar 1 ga Agusta, 2018, ya bar APC ya koma PDP. A nan ya rabu da Wamakko, wanda suka yi tafiya tare tun 2007. Mataimakinsa Ahmed Aliyu ya zauna a APC, daga baya ya ajiye muƙaminsa. A watan Oktoba Tambuwal ya nemi PDP ta tsayar da shi takarar shugaban ƙasa a babban taronta na Fatakwal, da goyon bayan Gwamna Nyesom Wike. Atiku Abubakar ya sami daliget 1,532, shi ya zo na biyu da 693. Ya dawo gida neman zango na biyu, ga tsohon mataimakinsa a gabansa, ga Wamakko a bayan mataimakin.

Yadda aka kai ga 342

Zaɓen farko ranar 9 ga Maris, 2019 aka yi shi. Tambuwal ya sami 489,558, Ahmed Aliyu ya sami 486,145. Tazara 3,413 ke nan. To me ya hana a bayyana wanda ya ci? Ƙa'idar INEC ita ce, idan an soke zaɓe a wasu rumfuna, kuma yawan masu ƙuri'a a rumfunan ya fi tazarar da ke tsakanin na ɗaya da na biyu, ba a sanar da kowa sai an sake zaɓe a wuraren. A Sakkwato rumfunan da aka soke suna da mutum fiye da 75,000. Shi ne aka ce zaɓe bai kammalu ba, abin da jama'a suka laƙaba wa inkonkulusib. Ana soke rumfa ne in an yi tashin hankali, ko an sace akwati, ko ƙuri'un da ke cikin akwati sun fi yawan mutanen da aka tantance.

Kebbe na cikin wuraren da aka fi soke rumfuna, shi ya sa ta zama raba-gardama bayan mako biyu. APC ta kai ƙara har Kotun Ƙoli, wadda ta tabbatar da nasarar Tambuwal ranar 20 ga Janairu, 2020.

Akwai wata lamba da ba a cika magana a kanta ba. Ƙuri'un da suka lalace a wancan zaɓe dubbai ne, sun ninka 342 sau da yawa. Ƙuri'a takan lalace in mutum ya dangwala a alama biyu, ko ya dangwala a kan layin da ya raba jam'iyya da jam'iyya, ko ya naɗe takardar tawada ba ta bushe ba ta shafi wani gurbi. Ka ga tsohuwa ta taso tun hantsi, ta bi layi cikin rana, ta dangwala, ta koma gida tana murna, alhali ƙuri'arta ba ta shiga lissafin kowa ba. Mai karatu a cikinku, ko da haruffa uku na sunan jam'iyya kawai yake iya ganewa, ya riga ya rage wannan asara, kuma zai iya nuna wa na gidansa.

Haka nan bayan an gama jefa ƙuri'a, doka ta ce a ƙirga a rumfar a gaban jama'a da babbar murya, a rubuta sakamakon a takarda, ejan-ejan na jam'iyyu su sa hannu su karɓi kwafi, a kuma manna sakamakon a wurin. Ejan da bai iya karanta lamba ba, ana iya rubuta 81 a inda aka ƙirga 18 ya sa hannu yana godiya.

Daga baya

A zango na biyu ya shugabanci ƙungiyar gwamnonin PDP, daga baya ya shugabanci ta gwamnonin Najeriya baki ɗaya. Ranar 28 ga Mayu, 2022, a taron fid da gwani na PDP a Abuja, bayan ya riga ya yi jawabin neman ƙuri'a, ya sake hawa mumbari ya ce ya janye wa Atiku, ya nemi magoya bayansa su zaɓe shi. Atiku ya sami 371, Wike ya sami 237. Ku duba ƙanƙantar lambobin idan aka gwada da na 2018. A wancan taro kusan daliget ɗaya ne daga kowace ƙaramar hukuma. Ma'ana, duk 'yan PDP na Kebbe mutum ɗaya ne ya yi magana da yawunsu wajen zaɓen wanda zai nemi shugabancin Najeriya. Mutum nawa ne a garin suka san ranar da aka zaɓi wannan wakili?

Magoya bayan Atiku sun yaba da janyewar, mutanen Wike suka kira ta cin amana, tun da Wike ne ya tsaya masa a 2018. Rikicin ya bi PDP har zaɓen 2023, inda gwamnoninta biyar suka ƙi yi wa Atiku aiki. Tambuwal shi ne babban daraktan yaƙin neman zaɓen Atiku. Atiku bai ci ba. A Sakkwato ma ɗan takarar gwamna na PDP, Sa'idu Umar, ya sha kaye a hannun Ahmed Aliyu, mutumin da ƙuri'a 342 suka hana shi kujerar shekara huɗu da suka wuce. Shi kansa Tambuwal ya nemi kujerar sanatan Sakkwato ta Kudu, mai ƙananan hukumomi bakwai: Bodinga, Dange-Shuni, Kebbe, Shagari, Tambuwal, Tureta da Yabo. Nan ma sai da aka sake zaɓe a watan Afrilu kafin ya kayar da Sanata Ibrahim Abdullahi Ɗanbaba na APC da tazarar da ba ta kai 5,000 ba. Ya hau kujerar da maigidansa Abdallah Wali ya zauna a kai a 1999.

Aikin aji

Da farko a yi lissafi a allo: a ɗebe 486,145 daga 489,558, sannan a faɗi da baki dalilin da ya sa wannan tazara ba ta isa a sanar da wanda ya ci ba. Bayan haka malami ya zana takardar ƙuri'a mai gurbi biyar a kan kwali, kowa ya zo ya dangwala da tawada ya naɗe, a buɗe a gaban aji a ware waɗanda suka lalace, a duba abin da ya lalata su.

Aikin gida kuwa na tambaya ne. Kowa ya binciko sunan gundumarsa da sunan rumfar da yake zaɓe, ya rubuta su da hannunsa. Sannan ya tambayi wani ɗan jam'iyya a unguwarsu, kowace jam'iyya ce, yaushe suka yi taron gunduma na ƙarshe, mutum nawa suka halarta, mata nawa ne a ciki. A kawo amsoshin ranar zama na gaba.